Buntu, totuwa da kashin shanu: wutar girkin da muke tsallakewa a hanya

 Ga shirin wannan makon a rubuce, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya bayan an yanke shinkafa, in ya iso wajejen Kura da Garun Malam, ya san abin da zan faɗa. Bayan injinan casa za ka ga buntu tsibi-tsibi, wani ya fi ɗaki tsawo. Wani lokaci ka tarar an cinna wa wani tsibin wuta, yana ci a hankali kwana da kwanaki, ba harshen wuta, sai hayaƙi. Wata rana na wuce irin wannan tsibin da safe, da yamma na shiga gida na tarar Umma ta ture tukunyar gas ƙarƙashin benci, ta jawo kurfoti tana fifita. Wannan a 2024 ne, lokacin da kilo ɗaya na gas ɗin girki ya haura naira 1,000. Na ce, Umma lafiya? Ta ce gas ya zama na ranar baƙi. Abin ya tsaya mini a rai. A can ana ƙona makamashi don a rabu da shi, a nan ana neman na dafa tuwo.

To yau maganar ke nan: yadda ake mayar da ragowar amfanin gona gawayi, da yadda ake fitar da gas daga cikinta. Amma zan faɗa muku har da inda abin yake ba da wahala, don na gaji da bidiyon da ake nuna wa matasa cewa da duro ɗaya za ka zama miloniya a wata uku.

Mu fara da tambayar da ba a cika yi ba. Me ake nufi da shara a gonar Bahaushe? Don in ka karanta rubuce-rubucen da ake yi a waje, za ka ga an jera karan dawa, karan gero, harawa, duk an kira su shara. A wajenmu ba haka ba ne. Karan dawa danga ne, jinka ne, gadon kara ne, kuma itacen girkin ƙauye ne tun kaka da kakanni. Harawar wake da ta gyaɗa kuɗi ce tsagwaronta, je ka tambayi mai kiwon rago ana saura wata biyu babbar salla. Sannan ita kanta gonar tana da haƙƙi a kan abin da ya fito daga cikinta. In ka kwashe komai ƙarƙaf, ba abin da zai ruɓe ya koma ƙasa, shekara uku za ka ga gona ta fara fari. Saboda haka duk wanda zai shiga wannan harka, kada ya je yana kokawa da tumaki a kan abincinsu.

Abin da ya dace a nema shi ne wanda yake taruwa wuri ɗaya kuma dabba ba ta damu da shi ba: buntun shinkafa a bakin inji, totuwar masara a inda ake sussuka, ɓawon gyaɗa a inda ake ɓara, garin katako a wajen masu yankan katako, da garin gawayi da yake zubewa a wajen dillalan gawayi. Buntu shi ne babba, domin kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera buntu ne. Wato duk buhu biyar da aka kai inji, nauyin buhu ɗaya zai fito a buntu. Ka lissafa yawan shinkafar da ake casawa a Kano da Jigawa da Kebbi, ka ga abin ba wasa ba ne.

Kuma ba mu ne farkon waɗanda suka gano buntu na cin wuta ba. Mata masu turara shinkafa sun daɗe suna tura shi a murhu. Masu mazarƙwaila da tuƙar raken suke dafa ruwan raken. Iyayenmu suna tuna murhun nan da ake danƙara wa garin katako a bar rami a tsakiya, wanda ya yi tashe lokacin wahalar kalanzir a zamanin Abacha. Matsalar ita ce buntu a warwatse ba shi da nauyi, yana cin wuri, ɗaukarsa a mota asara ce, ga hayaƙi. Abin da ake so shi ne a cure shi, a matse, ya zama ƙaramin abu mai nauyi da za a iya zubawa a buhu a kai birni. Wannan curin shi masu harkar suke kira biriket. Ni dai curin gawayi nake ce masa.

Hanya biyu ce. Ta farko ta masu jari ce: ana zuba ɗanyen buntu ko garin katako a babban inji, ya matse shi da ƙarfi da zafi, har wani danƙo na halitta da ke jikin tsiron ya narke ya riƙe shi. Ba a zuba masa komai. Yana fitowa kamar guntun itace mai rami a tsakiya, kuma gidajen burodi da masana'antu su ne kasuwarsa. Sai dai injin yana son wutar lantarki mai ƙarfi, kuma buntu na cinye ƙarfen injin da sauri, saboda yana ɗauke da sinadarin silika, irin wanda ke cikin yashi. Kamar kana niƙa rairayi ne kullum. Wanda ya sayi irin wannan inji bai tanadi mai walda a kusa ba, zai sha zama.

Ta biyu ita ce tamu, ta masu ƙaramin ƙarfi, kuma ita na gwada da hannuna. Ka samu duro na ƙarfe, ka huda ƙasansa 'yan ramuka, ka yi masa murfi mai bututun hayaƙi. Ka cika shi da busasshiyar totuwa ko ɓawon gyaɗa, ka cinna wuta. Da farko hayaƙin fari ne mai kauri, ruwan jikin kayan ne yake fita. In hayaƙin ya yi siriri ya fara komawa shuɗi-shuɗi, sai ka toshe ramukan ƙasa da ƙasa, ka rufe saman ruf, ka bar shi ya huce. Sirrin duka yana wajen iska. In iska ta yi yawa, toka za ka kwasa. In ka yi saurin rufewa, za ka tarar rabi bai ƙone ba. In ka dace, za ka samu abin da ya kai kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na nauyin da ka zuba, baƙi ƙirin, yana karyewa a hannu.

Daga nan sai daka da tankaɗe. Sai kuma abin haɗawa, don wannan garin ba ya riƙe kansa. Yawanci garin rogo ake amfani da shi, a dama shi a wuta kamar talge, a zuba a garin gawayin a cakuɗa. Ni ina sa kilo 1 na garin rogo a kilo 10 zuwa 15 na garin gawayi. Yadda za ka gane ya yi: ka dunƙula a hannu, in ya tsaya bai rushe ba kuma ruwa bai ɗiga ba, shi ke nan. Sai a danna a guntun bututu da taɓarya ƙarama, ko a sa a injin hannu irin wanda maƙera suke haɗawa. Sai shanya.

A wajen shanyar nan na ci ƙasa. Karon farko da muka yi, ni da abokaina biyu, zumuɗi ya hana mu haƙuri. Kwana biyu a rana muka taɓa muka ji waje ya bushe, muka zuba a buhu muka kai wa wani mai shayi a unguwarmu kyauta, ya gwada. Washegari da na je, ko gaisuwa ba mu gama ba ya nuna mini buhun. Rabi ya koma gari. Wanda bai farfashe ba kuma ya ƙi kamawa, sai hayaƙi. Ya ce mini, "Ɗan'uwa, ni ruwan zafi nake sayarwa, ba fifita ba." Ashe cikin curin danƙar yake. Tun daga ranar na koyi fasa ɗaya in duba tsakiya kafin in ce ya bushe, kuma in ɗaga shi daidai ƙirji in sake shi a ƙasa. In ya tarwatse, ba na kai wa kowa. Da rani kwana huɗu zuwa biyar yana isa. Da damina kuwa, in ba ka da rumfar shanya, ka haƙura kawai.

Kuskure na biyu shi ne mun yi da buntu zalla. Buntu na da toka sosai, tana kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa tun yana ɗanye, in an mayar da shi gawayi kuma rabon tokar ƙaruwa yake. Sai ka ga curin ya kama, amma toka ta lulluɓe shi ta danne zafin. Abin da ya gyara mana shi ne gauraya: totuwa ko ɓawon gyaɗa su fi yawa, buntu ya zama ciko. Mai garin gawayi a kusa da shi ma ya fi kowa sa'a, don shi ba sai ya ƙona komai ba. A Nairobi ta ƙasar Kenya akwai waɗanda suka daɗe suna wannan sana'a da garin gawayin da suke saye a hannun dillalai.

Curin da aka yi da kyau yana da halinsa. Ya fi gawayin itace wuyar kamawa, kuma zafinsa bai kai nasa tsanani ba, amma yana daɗewa yana ci a hankali, ba ya tartsatsi, hayaƙinsa kaɗan ne. Don haka ya fi dacewa da mai dafa wake, mai tuwon sayarwa, mai gasa masara, da masu ɗumama 'yan tsaki. Uwar gida mai son ta tafasa ruwan shayi cikin minti biyar za ta zage ka. Ka san wa za ka kai wa.

Me ya sa nake ganin abin ya cancanci wahalar? Abu biyu. Na ɗaya bishiya. Yadda ake yin gawayi a daji, a tara itace a rufe da ƙasa, sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a samu kilo 1 na gawayi. Duk tirelar gawayi da ka gani ta shigo gari, ka ninka ta aƙalla sau biyar a ranka, wannan shi ne abin da aka sare. Na biyu huhun iyayenmu mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020 kaɗai. Mu da muka tashi muna ganin idon uwa yana hawaye a bakin murhu mun ɗauka haka girki yake.

Amma a nan zan ja kunne, da babbar murya. Curin gawayi gawayi ne. Rashin hayaƙi ba ya nufin ba guba. Yana fitar da iskar nan ta kabon monoksaid wadda ba ta da wari ba ta da launi, wadda take kashe mutane a cikin barci in sun shiga ɗaki da kaskon wuta lokacin hunturu sun rufe ƙofa da taga. Duk wanda ya ce maka nasa curin ana iya kwana da shi a ɗaki, ƙarya yake.

To, mu koma ɓangaren gas. A nan ne ake yawan rikicewa, don gas iri biyu ne mabambanta, kuma har a tarukan matasa ina jin ana cakuɗa su.

Na farko shi ne bayogas, kuma shi jiƙaƙƙen abu yake so: kashin shanu, kashin kaji, tumbin da ake zubarwa a mayanka, ragowar abinci. Ana dama kashin da ruwa, kusan daidai wa daida, a zuba a rufaffen tanki ko ramin da aka gine, inda iska ba ta shiga. Wasu ƙwayoyin halitta, irin waɗanda ke cikin tumbin saniya, su ne suke cin sa su fitar da gas. Fiye da rabin gas ɗin iskar mitan ce, ita ce mai kamawa da wuta, shuɗiya kamar ta gas ɗin da muka sani. Sauran yawanci iskar kabon ce, da ɗan abin da ke sa shi warin ruɓaɓɓen ƙwai. In an fara, sai an yi makonni kafin ya kankama, daga nan kuma kullum sai an ciyar da shi, kamar dabba. Abin da yake fitowa ta ɗaya gefen taki ne mai kyau. Wannan ba sabon abu ba ne. A Indiya da Sin gidaje miliyoyi ne suke girki da shi, kuma a nan gida Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana aiki a kai.

Ga lissafin da ya kamata ka yi kafin ka haƙa rami. Kilo 25 na ɗanyen kashin shanu yana ba da gas da zai yi girkin kamar awa biyu a kan murhu ɗaya. Kullum fa. Kana da shanun da za su ba ka wannan? Kuma a ina suke kashin? Saniyar da take yini a daji, a daji take zubar da rabin abin. Ga ruwa: kullum sai ka samu jarka guda ko fiye ta damawa, a garin da ake sayen ruwan sha a kura. Ga sanyi: ƙwayoyin nan ɗumi suke so, da hunturu gas ɗin raguwa yake. Shi ya sa nake ganin bayogas ya fi dacewa da masu kiwon turke, gidajen kaji, mayanka, da makarantun kwana, inda kayan suke taruwa wuri ɗaya kuma akwai mai kula. In ka cusa masa busasshen kara ko buntu, toshewa zai yi, don ƙwayoyin ba sa iya narka su da sauri.

Akwai wanda ya tambaye ni ko zai iya ɗura bayogas a tukunyar gas ya riƙa sayarwa. A'a. Gas ɗin da muke saye yana komawa ruwa in an matse shi kaɗan, shi ya sa kake jin yana motsi in ka girgiza tukunya, kuma shi ya sa kilo 12.5 yake shiga. Mitan ba ta komawa ruwa a zafin da muke ciki. In ka ɗura ta, ɗan abin da zai shiga ba zai kai ka ko'ina ba, ga haɗari. Bayogas a inda aka yi shi ake amfani da shi, ta bututu.

Na biyun shi ne na busassun kaya, kuma a nan buntu yake sarki. Ana ƙona buntun ne a rufaffiyar tukunyar ƙarfe, a ba shi iska 'yar kaɗan, wadda ba ta isa ya ci da wuta sosai ba. Maimakon ya zama hayaƙi da toka kawai, sai ya saki wani gas mai kamawa. Kun tuna hayaƙin duron da na ce muku? To kusan shi ne, sai dai a nan ba a barin sa ya tafi a banza, tare shi ake a kunna. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da man fetur ya yi wuya a Turai, motoci kusan miliyan ɗaya da irin wannan gas na itace suka riƙa tafiya. A ƙasar Filifin wani injiniya mai suna Alexis Belonio ya ƙera murhun gida mai aiki da buntu ta wannan hanya, da 'yar fanka ƙarama mai hura iska, yana ba da shuɗiyar wuta, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2008. A jihar Bihar ta Indiya kuma, kamfanin Husk Power Systems ya fara ba ƙauyuka wutar lantarki da buntu tun 2007: gas ɗin ne yake juya janareta, a ja waya zuwa gidaje. Kamfanin ya shigo Najeriya ta jihar Nasarawa, ko da yake a nan da hasken rana ya fara.

Wannan shi ne ya fi burge ni, don ka duba: injin casa yana shan dizal ko yana jiran wutar da ba ta zuwa, alhali abin da zai iya juya shi yana tsibe a bayansa. Amma shi ma da ƙayarsa. Gas ɗin yana fitowa da wani baƙin danƙo kamar kwalta, in ba a tace shi da kyau ba zai kashe janareta cikin ɗan lokaci. Tacewar kullum ce, kuma ruwan wankin ƙazanta ne da ba a zubarwa a kwata. Sannan babban abin da ke ci a cikin gas ɗin shi ne kabon monoksaid ɗin nan dai. In bututu ya yi yoyo a rufaffen wuri, ba a ba da labari. Wannan ba aikin da za ka kalli bidiyo biyu ka haɗa a tsakar gida ba ne. Yana son injiniya da wanda aka horar.

In aka ce in ba matashin da bai da jari shawara, cewa zan yi ya fara da curin gawayi, kuma kafin ya sayi ko da duro, ya yi abu uku. Ya je inda kayan suke ya tambayi farashi, don buntu yanzu ba ko'ina ake ba da shi kyauta ba, masu kaji da masu gidan burodi sun fara saye, kuma ranar da mai inji ya ga kana zuwa da mota, ranar zai sa masa kuɗi. Ya lissafa kuɗin ɗauko shi, domin a nan ribar take mutuwa. Ya fi sauƙi ka ƙona a can kusa da injin ka ɗauko garin gawayin, a kan ka yi ta jigilar buntu zuwa birni. Sannan ya tuna garin rogo abinci ne, in gari ya yi tsada a kasuwa, curinsa ma ya yi tsada. Wasu suna rage shi da ɗan yumɓu, amma yumɓu toka yake ƙarawa.

Mai shayin nan kuwa, na koma masa bayan wata biyu da wani buhun, na totuwa da ɓawon gyaɗa, wanda ya yi kwana shida a rana. Bai ce komai ba, ya karɓa. Har yanzu da gawayin itace yake tayar da wutarsa da asuba, sai ta kama ya jera namu a kai. Umma ma haka take yi in za ta ɗora wake.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna da wani maƙeri mu ji nawa ake kashewa a haɗa injin matsa curi na hannu, da irin ƙarfen da ya kamata a nema. Sai mun haɗu. Wassalamu alaikum.